Kwal Mai Ruwa, Mai Toka Ko Mai Farar Wuta: Wanne Murhunka Zai Iya Ɗauka?

Duk wanda ke da masana'antar da ke cin wuta dare da rana, ko ta gasa jan bulo ce, ko ta turara shinkafa, ko ta ƙona farar ƙasa, ya san yadda tsadar man dizal da baƙin mai da kuma ƙarancin itace suka sa hankali ya karkata zuwa ga kwal. Sai dai mafi yawan kwal ɗin da ake haƙowa a Najeriya da Nijar ba irin na daraja ta ɗaya ba ne, kuma idan dillali ya ce maka kayansa masu ƙaramar daraja ne amma akwai rahusa, to bai gaya maka komai ba tukuna, domin wannan suna ya tattara kaya iri uku da aibinsu ya sha bamban. Akwai wanda ruwa ya yi wa yawa, akwai wanda toka ta cika, akwai kuma wanda ke ɗauke da farar wuta, wato sinadarin sulfa. Kowanne da irin asarar da yake jawowa, kuma murhun da zai jure wa ɗaya ba lalle ne ya jure wa ɗayan ba.

Kafin a kwatanta su ya kamata a raba abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa, wato nunar kwal da tsabtarsa. Kwal asalinsa itatuwa da ciyayin fadama ne da ƙasa ta binne tun shekaru miliyoyi, zafi da nauyin ƙasa suna matse shi sannu a hankali, suna fitar da ruwa da iskar oksijin suna barin kabon. Wanda bai gama nuna ba shi ne lignait, mai launin ƙasa-ƙasa, wanda wani lokaci har zanen itace ake gani a jikinsa. Daga shi sai sab-bituminos, sai bituminos, sai antarasait mai tauri da ƙyalli. Tsabta kuwa magana ce ta yawan laka da yashi da sauran ma'adanai da suka shiga cikinsa tun yana fadama. Saboda haka kwal yana iya zama tsoho, nunanne, amma ya yi ƙaramar daraja saboda datti, kamar yadda wani ke iya zama mai tsabta ƙwarai amma ɗanye, jiƙe da ruwa.

Zafin da kwal ke bayarwa daga sinadarai biyu yake fitowa. Da kilokalori ake auna zafin, kuma kilo ɗaya na kabon zalla yana ba da kilokalori kusan 8,080, kilo ɗaya na haidurojin kuwa kusan 34,500, sai ɗan abin da farar wuta ke ƙarawa, wanda bai taka kara ya karya ba. Oksijin da ke cikin jikin kwal ba ya ci da wuta, hasali ma rage ƙarfi yake yi, domin a lissafin da masana ke yi kowane kashi 8 na oksijin yana ɗaure kashi 1 na haidurojin ya hana shi amfani. Idan aka cire ruwa da toka daga lissafi, kabon ɗin lignait yakan tsaya a wajen kashi 65 zuwa 72 cikin 100, oksijin ɗinsa ya haura kashi 20, alhali bituminos mai kyau yana da kabon sama da kashi 80 da oksijin ɗan kaɗan. Haidurojin ba ya nisa da kashi 5 a kusan dukkansu, naitirojin kuma kashi 1 zuwa 2. Wannan ne ya sa ko an busar da lignait ƙarau ba zai kamo bituminos ba, saboda ragowar raunin a cikin ƙirarsa yake. A wata tsohuwar ƙa'ida da aka daɗe ana amfani da ita wajen ƙididdigar makamashi ta duniya, idan an cire toka daga lissafi, abin da ya gaza kilokalori 4,165 a kilo lignait ne, daga nan zuwa 5,700 sab-bituminos ne, abin da ya haura haka shi ne kwal mai tauri. Don a samu abin aunawa, busasshen itacen girki yana wajen 3,500 zuwa 4,000, gawayi mai kyau kuma yana kusan 7,000.

Mu fara da mai ruwa, domin a nan aka fi yin asarar da ba a gani. Lignait ɗin da ake haƙa a yankin Rain na ƙasar Jamus fiye da rabin nauyinsa ruwa ne, zafinsa bai wuce kilokalori 2,000 da 'yan kai ba, na kwarin Laturob a Ostireliya ma ya fi shi ruwa. Duk da haka Jamusawa sun yi fiye da shekara ɗari suna samar da lantarki da shi, kuma dabararsu ɗaya ce: sun gina tashoshin wutar a bakin ramin, ana tura kwal ɗin ta bel da gajeren layin dogo, ba a biyan kuɗin ɗaukar ruwa zuwa nesa. A Najeriya lignait yana shimfiɗe ne a yankin Ogwashi da Asaba na jihar Delta, kuma duk wanda ya yi tunanin ɗauko irinsa a mota zuwa Kano ko Katsina ya zauna ya yi lissafi tukuna. Ko kwal mai ruwa kashi 25 kawai ne, tirela mai ɗaukar tan 30 tana tafe da tan 7 da rabi na ruwa, an biya masa kuɗin mota da na lodi da na sauke kaya. Ba a nan asarar ta tsaya ba, domin kowane kilo na ruwa yana cinye kilokalori kusan 580 kafin ya zama tururi ya fice ta bututun hayaƙi, wato wani kaso na kwal ɗin yana ƙonewa ne don kawai ya busar da ɗan'uwansa.

A nan ne takardar gwaji ke yaudarar mai saye, ko da ba a yi ƙarya a cikinta ba. Lambar zafi ɗaya tana iya sauyawa sosai gwargwadon yanayin da aka auna samfurin. Haruffan ADB suna nufin an auna shi ne bayan ya sha iska a ɗakin gwaji, GAR na nufin yadda ya iso da dukkan ruwansa, NAR kuma shi ne abin da ya rage bayan an cire zafin da tururi ke tafiya da shi, kuma wannan na ƙarshe ne murhu ke gani. A ɗauka takarda ta ce 5,500 a samfurin da danshinsa kashi 10 ne, amma kayan da aka sauke maka danshinsu kashi 25 ne. Sai ka ninka 5,500 sau 75 ka raba da 90, ka samu kusan 4,580. Idan ka cire abin da tururin ruwan da na haidurojin ke ɗauka, wanda zai kai 300 da wani abu, za ka sauko wajen 4,260. Fiye da kashi ɗaya cikin biyar na abin da ka zaci ka saya ya tafi, ba tare da an taɓa ma'auni ba. Manyan 'yan kasuwar duniya ba sa wasa da wannan bambanci, shi ya sa kwal ɗin Indunusiya mai ruwa ake cinikinsa da sunan 4,200 GAR, na Afirka ta Kudu da ake lodawa a tashar Richards Bay kuma da sunan 6,000 NAR.

Kwal mai ruwa yana da wani hali da ya kamata mai ajiya ya sani. Idan aka jibge shi a fili lokacin hunturu, cikin 'yan kwanaki za ka ga manyan dunƙulen sun tsattsage kamar laka a busasshen tafki, ka ɗauki ɗaya ka matsa ya marmashe a hannunka, gari ya yi yawa, iska tana kwasa, wanda ya rage kuma yana zubewa ta ragar murhu bai ƙone ba. Abin da ya fi haɗari shi ne irin wannan kwal yana shan iska ya yi zafi da kansa a cikin tsibi har ya kama wuta ba tare da an kusanto da ashana ba, musamman idan yayyafi ya taɓa shi bayan ya bushe. Alamar farko ita ce ɗumi idan ka cusa hannu, da wani siririn tururi mai wari da ke tashi da sassafe. Maganinsa shi ne kada tsibi ya yi tsawo, a danne shi sosai don kada iska ta ratsa, kuma a fara ƙona wanda ya fara zuwa. Alherinsa kuwa shi ne yana kamawa da wuri, yana ba da dogon harshen wuta saboda yawan sinadaran da ke tashi daga jikinsa idan ya ji zafi, kuma ruwan da ke bayansa rana tana iya rage shi kyauta.

Kwal mai toka labarinsa daban ne, kuma misali mafi kusa da mu yana Anu Araren, kusa da Cirozerin a jihar Agadas. Kwal ɗin wurin ya girmi na Najeriya nesa ba kusa ba a shekarun ƙasa, amma tokarsa tana da yawa har zafinsa bai kai 4,000 ba. Kamfanin SONICHAR, wanda aka kafa a 1975, bai yi ƙoƙarin kai shi kasuwa mai nisa ba, sai ya gina tashar lantarki mai injuna biyu a gefen ramin, wadda ke ba mahaƙar yuraniyom ta Arlit da birnin Agadas wuta tun farkon shekarun 1980. Haka Indiya take fama, inda kwal ɗin da tashoshinta ke ƙonawa yakan ƙunshi toka kashi 35 zuwa 45. Toka ba ta shan zafi kamar yadda ruwa ke sha, amma ba ta bushewa, ba ta raguwa, kuma bayan ka biya kuɗin kawo ta sai ka sake biyan na kwashe ta. Tirela mai tan 30 ta kwal mai toka kashi 40 za ta bar maka tan 12 na toka a harabar masana'anta.

Yawan tokar ma ba shi kaɗai ne abin dubawa ba, har da irinta. Wadda yashi da laka suka fi yawa a cikinta tana jure zafi, ta zube gari, illarta ita ce tana cin ƙarfe, tana goge bututu da haƙoran injin niƙa. Wadda ke da ƙarfe da gishiri da alli da yawa kuwa tana narkewa da wuri ta dunƙule kamar kashin maƙera, ta toshe ragar murhu, iska ta kasa shiga, sai ka ga mai hura wuta ya kama dogon ƙarfe yana ta sara yana jawo dunƙule masu ƙyalli, wutar kuma tana ja da baya a daidai lokacin da ake son ta tsaya. A ganina ƙaramin murhun da ake ciyarwa da shebur bai kamata a ba shi kwal da tokarsa ta haura kashi 20 ba, sai dai idan ramin yana bayan gida. Masu siminti su ne suka fi kowa sa'a a nan, domin tokar tana shiga cikin kayan da ake gasawa a zafin digiri 1,450 ta zama wani ɓangare na simintin, matuƙar an daidaita haɗin tun farko. Ana kuma iya wanke kwal a raba shi da dutse, tunda dutse ya fi nauyi, amma wanki yana son ruwa mai yawa da injuna, kuma yana mayar maka da kayan a jiƙe.

Na ukun, mai farar wuta, shi ne wanda na fi jin tsoro, saboda lambar zafinsa takan yi kyau ta ja hankalin mai saye. Kwal ɗin Lafiya da Obi a jihar Nasarawa ya fi na sauran wurare a Najeriya nuna, bituminos ne, har an daɗe ana sa ran amfani da shi wajen narka ƙarfe a Ajakuta, amma yawan farar wuta da toka suka zame masa ƙarfen ƙafa. Kowane kilo na farar wuta da ya ƙone yana zama kilo biyu na iskar da ke shaƙe maƙogwaro, don haka tan ɗaya na kwal mai kashi 3 yana sakin kusan kilo 60 na wannan iska. Idan ta haɗu da danshi a bututun hayaƙi sai ta koma ruwan asid, ta ci bututun, ta ci kwanon rufi, na masana'anta da na maƙwabta. Wani kason farar wutar ana ganinsa da ido, ɗigo-ɗigo masu ruwan zinariya a jikin dunƙule, kuma wanki yana rage shi. Wani kason kuwa a ɗaure yake cikin jikin kwal ɗin, babu wankin da ke fitar da shi. Manyan tashoshi suna da mafita, kamar murhun da ke ƙona kwal a cikin yashin da iska ke motsawa a zafin digiri 800 zuwa 900, inda ake zuba garin dutsen farar ƙasa ya kama farar wutar, amma wannan ba kayan ƙaramar masana'anta ba ne.

Idan aka jera ukun, sai a ga dalilin da ya sa sab-bituminos ya fi dacewa da yawancin masu ƙananan masana'antu a Arewa. Irinsa ne aka gano a Inugu a 1909, aka fara haƙa sosai a 1916, ya riƙe tashar lantarki ta Oji da jiragen ƙasa kafin dizal ya karɓe aikin jiragen. Irinsa ne a Okaba da Ogboyoga na jihar Kogi da Owukpa na Binuwai, na Maiganga a ƙaramar hukumar Akko ta jihar Gombe kuma, wanda kamfanin siminti na Ashaka ke haƙa, yana kan iyaka tsakanin lignait da sab-bituminos. Ruwansa matsakaici ne, farar wutarsa galibi ba ta wuce kashi 1 ba, kuma aibinsa irin wanda rumfa da rana da kyakkyawar ajiya ke ragewa ne. Amurka ta nuna darajar wannan hali, domin kwal ɗin jihar Wayomin zafinsa bai kai 5,000 ba, fiye da rubu'insa ruwa ne, amma da aka tsaurara dokar hayaƙi a 1990 sai tashoshi masu nisa suka riƙa ɗauko shi a jirgin ƙasa saboda ƙarancin farar wutarsa. Sai dai a lura cewa su da jirgin ƙasa suke ɗauka, mu kuwa da tirela, kuma wannan bambanci yana sauya lissafi gaba ɗaya.

Lissafin kuwa ba shi da wuya. A haɗa kuɗin kwal da na mota da na lodi har zuwa ƙofar masana'anta, a raba da lambar NAR, sannan a kwatanta. Idan ɗaya 4,200 ne ɗayan 5,800, aikin da tirela 10 na mai ƙarfin za su yi sai an kawo kusan 14 na mai raunin, don haka mai raunin ba shi da riba sai idan farashinsa a ƙofarka ya gaza kashi 72 cikin 100 na farashin ɗayan. Ko a hakan ma ba a sa ladan ƙarin leburori ba, ba a sa filin ajiya ba, ba a kuma sa cewa tukunyar tururin da aka ƙera don kwal mai ƙarfi tana iya kasa kai matsin da ake buƙata ba komai yawan abin da aka zuba mata, saboda faɗin ragarta bai isa ya ƙona ƙarin nauyin a cikin sa'a guda ba. Wanda masana'antarsa ke kusa da rami, a Gombe ko gabashin Kogi, zai iya cin ribar kwal mai ruwa ko mai toka. Wanda ke Sakkwato ko Maraɗi kuwa gara ya biya tsada ya ɗauko mafi ƙarfin da zai samu, domin kuɗin motar tan ɗaya na dutse da na tan ɗaya na kabon duk ɗaya ne. Mai gasa bulo yana iya haƙuri da toka fiye da mai tukunyar tururi, amma farar wuta tana bar masa farin tabo a fuskar bulo.

Akwai wurin da babu zaɓi ko kaɗan tsakanin ukun, wato girki da duk aikin da hayaƙi ke taɓa abinci. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2014, ta yi gargaɗi kan ƙona ɗanyen kwal a cikin gida, kuma an sanya hayaƙinsa cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji. A yankin Shuwanwai na ƙasar Sin an samu ciwon dajin huhu da yawa a tsakanin matan da ba su taɓa shan taba ba saboda girki da kwal mai hayaƙi, a lardin Gwaijo kuma mutane sun sha guba ta hanyar barkono da masarar da aka busar a kan wutar kwal. Mai gidan burodi ko mai busar da hatsi da ke son kwal dole wutarsa ta kasance a ɗaki dabam, zafi kawai ke ratsa bango ko bututu. Kwal ɗin girki da ake sayarwa a Nijar an riga an gasa shi an fitar da mafi yawan hayaƙinsa, kuma shi ma a sarari ake hura shi, ba a ɗaki rufe ba.

Kafin a ƙulla ciniki mai girma, a ɗebi samfur daga wurare da yawa na kayan, sama da tsakiya da ƙasa, dunƙule da gari, ba zaɓaɓɓen dunƙulen da dillali ya miƙo ba, a ɗaure shi nan take a leda mai kauri don kada ya bushe a hanya. Cibiyar binciken ƙarafa da ke Jos da ɗakunan gwajin hukumar binciken ma'adanai da ke Kaduna da sassan kimiyya na jami'o'i suna irin wannan aiki, kuma abin da za a nema shi ne jimillar danshi, da toka, da farar wuta, da kason da ke tashi da wanda ke zama garwashi, da lambar zafi tare da bayanin yanayin da aka auna ta. Danshi kam ana iya bin sawunsa a masana'anta: a daka kilo ɗaya, a auna, a busar a zafin digiri 105 har nauyin ya daina sauka, a sake aunawa. A rubuta a yarjejeniya iyakar danshi da toka da aka amince da su da kuma abin da za a rage a farashi idan kaya suka wuce ta, sannan a maimaita awon a kowace tirela da ta shigo da damina.